Ƙusa Uku a Sabon Fenti

Ni mace ce mai son kwalliyar ɗaki, kuma ba na jin kunyar faɗa. Wasu matan in kuɗi ya shigo hannunsu sai atamfa, wasu sai sarƙa. Ni kuwa ƙafata ba ta tsayawa ko'ina sai rumfar masu labule a kasuwar Yelwa. Wayata cike take da hotunan ɗakunan mutanen da ban sani ba, ba su san ni ba. Maigidana yakan ce da a ce ana kwana a cikin hoto, da babu wanda ya kai mu gida a ƙasar Yauri.

Na san inda ciwon ya samo asali. A tunga aka haife ni, ɗan ƙauyen masunta a bakin tafki, can gaba da Wara. A ɗakin Innarmu babu abin da ke zaune a ƙasa in ban da gado da randa. Ƙore da langa suna lilo a cikin ragaya, wadda Inna ke saƙawa da zaren koma, ragar kamun kifi, ta ɗaure a rufin ɗaki. Tabarma a naɗe take a kan gorar da aka gitta daga bango zuwa bango. Tufafi suna cikin adudu, adudun ma a rataye. In ka shiga ba ka sunkuya ba, ludayi ne zai fara gaishe ka a goshi. Ina 'yar firamare aka aike ni gidan wata malamarmu a Wara, na ga ɗan guntun tebur a tsakar ɗaki, da fulawa a tukunya a ƙasa, da labule mai tsawo yana shafar daɓe. Na tsaya baki buɗe har na manta saƙon da aka ba ni. Ranar na yi wa kaina alkawari, in na girma na yi ɗakina, komai nawa a ƙasa zai zauna kamar na mutanen birni.

Na girma, na zama malamar makaranta a Yelwa, na yi aure, muka gina ɗan gidanmu a kan tudu, nesa da bakin ruwa. Na kuwa cika alkawari. Falona ko allura ba ta rataye a bango. Mai fenti ya gargaɗe ni cewa shafen simintinmu ba ya son ƙusa, ni kuma na mayar da maganarsa doka, har kalandar da maigida ya kawo daga wurin aiki sai a bayan ƙofa ta ƙare.

Inna kuwa tana can tunga ita kaɗai. Baba ya daɗe da rasuwa, yayana ya bi kifi can ƙasa wajen dam da iyalinsa, gwiwoyinta kuma sun fara ƙin ta. Daminar da ta wuce ruwa ya shigo tunga, sai da maƙwabta suka ɗauke ta cak suka sa a jirgi, don ba ta iya sauri. Tun da labarin ya iso ni hankalina bai sake kwanciya ba. Na yi lallashi, na yi fushi, na aika manya. Da ƙyar ta yarda, shi ma da sharaɗi.

Ta ce, “Ina zuwa in gani, Auta. In ɗaki ya amshe ni, in zamna. In bai amshe ni ba, jirgin ran kasuwa na nan.”

Na san halin Inna, ba ta magana biyu. Kowace ranar kasuwa jirgin tungarmu yana kawo kifi Yelwa, ya koma da yamma. Ranar da ta ga dama za ta shige shi, kuma babu mai sake fito da ita.

Sai na ce a raina, ai faɗuwa ta zo daidai inda nake da ƙarfi. In dai ɗaki ne, za ta ga ɗaki. Na zauna da wayata na tsince hotuna, na zaɓi wanda ya fi kwanta mini. Aka yi wa ɗakin baƙi fenti ruwan madara. Na shimfiɗa kafet mai laushi ruwan ƙasa saboda gwiwarta. Na sa kafinta ya rage wa gado ƙafa don kada hawa ya wahalar da ita. Na ajiye 'yar dirowa a gefen gado, tukunyar fulawar roba a lungu, labule kuma tun daga sama har ƙasa, da ɗan rara yana kwance a kan kafet yadda na gani a hoto. Da na gama na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, na ji kaina ya yi girma. A makaranta kuwa babu malamar da ban cika wa kunne da labarin ɗakin nan ba.

Ta iso da bazara, rana tana dukan ƙeya. Kayanta adudu ɗaya ne da ƙunshin ƙore. Na buɗe mata ƙofa ina jiran salati. Ba ta kalli fenti ba, ba ta kalli labule ba. Ƙasa ta fara dubawa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗaga kai ta bi silin da ido daga wannan lungu zuwa wancan.

Ta ce, “Ɗaki ya yi kyawo, Allah shi yi albarka. Ina anka yi maratayi?”

Na ce, “Mi za a rataya, Inna? Ga dirowa, ga kabad.”

Ta ce, “To.”

Duk wanda Inna ta haifa ya san wannan “to” ɗin. Ni ce dai murna ta toshe mini kunne.

Washegari na dawo daga makaranta na leƙa in gaishe ta. Labulena, wanda na biya tela ya ƙara wa tsawo, an ƙulle bakinsa an ɗage shi har ƙugu. Kafet an naɗe shi tsaf an ɗora a kan kabad. Dirowa tana kan gado a wajen ƙafa. Takalmanta suna rataye a ƙarfen taga. Yadda aka yi tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ɗaga kafet ita kaɗai, har yau ban sani ba. Ita kuwa tana zaune a bakin gado tana jan carbi, ko a jikinta.

Na ce, “Inna, wa yay yi wanga aiki?”

Ta ce, “Ni. Ba a barin abun kirki ƙasa.”

Na yi dariyar yaƙe, na sauke komai na mayar inda yake, na warware labule na gyara masa zama. Ba ta hana ni ba, har ɗage ƙafa ta yi na wuce da kafet. Kashegari na dawo na tarar komai ya sake hawa sama.

Haka muka yi kusan mako biyu, ba faɗa, ba cacar baki. In na fita ta ɗaga, in na dawo in sauke. Maigida ya samu abin nishaɗi. Yana kunyar Inna, ba ya shiga ɗakinta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, amma yana dawowa falo sai ya tambaye ni, “Malama, yau wa ac ci, ke ko Inna?” In na harare shi ya ce shi ɗan kallo ne. Wata rana ma na kama shi ya miƙa mata igiya ta taga.

Abin ya daina ba ni dariya ranar da malamai biyu abokan aikina suka biyo ni gida, su gaida Inna su kuma ga ɗakin da na dame su da shi. Da safe na roƙe ta, na ce yau dai ɗaya ta bar mini kaya yadda suke, ta ce to. Muka shiga da sallama. Kafet yana kan kabad. Tukunyar fulawata kuwa an ɗaure mata ɗankwali a wuya, tana reto a jikin taga kamar an kama ɓarauniya. Ɗaya daga cikin malaman ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce cikin ladabi, “Au, tashi za ku yi daga gidan ne?” Ɗayar ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kwana biyu bayan haka na dawo na ji ƙara tun daga ƙofar gida, kwas, kwas, kwas. Na shiga da gudu. Inna tana tsaye riƙe da taɓarya, ta kafa ƙusa uku a bango, irin dogayen nan da ake haɗa jirgi da su, ashe tun daga tunga ta zo da abinta a adudu. Ta ukun ta ɓamɓare shafen bango, faɗin tafin hannu, siminti ya zubo a ƙasa. Sabon fentina, ruwan madara.

Ina da zuciya, na sani, kuma ranar ta ci ni. Na ce, “Haba Inna! Nan ba tunga ba ta! Yelwa ta, bisa tudu muke, wane ruwa za shi hawo nan? Na kashe kaina na gyara miki ɗaki irin na mutane, ke kuma sai kin maishe shi rumhwar banda!”

Ina rufe baki na san na yi ɓarna. Rumfar bandar kifi ita ta ciyar da ni. Inna ta jingine taɓarya a hankali, ta karkaɗe hannu.

Ta ce, “Gaskiyarki, Auta. Gidanki na.”

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da yamma na ga ta ninke tufafinta ta mayar adudu, ta ɗaure shi da igiya, ta rataye a ƙusar da ke kusa da ƙofa. Jibi kasuwa. Maigida, wanda bai taɓa sa baki a tsakaninmu ba, ya ce da ni a hankali, “Ƙusa ta hwa, ba gatari ba. Bango ana sake shahe shi.” Na ce ya ƙyale ni. Haushin kaina nake ji, amma girman kai bai bar ni na je na durƙusa ba.

Kashegari na kasa koyarwa, na nemi izini na dawo bayan azahar. Gidan shiru. Na tura ƙofarta a hankali. Ta yi salla ta kishingiɗa, barci ya ɗauke ta. Tana kwance a can bakin gado, hannunta na dama ya sauko, yatsunta suna taɓa daɓe.

Na san wannan kwanciyar. Tun ina ƙarama haka Inna ke barci, ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka hali ne kawai, kamar yadda wani ke minshari. Ina tsaye a wurin sai shekarar da zan yi jarrabawar fita firamare ta faɗo mini. Da asuba Inna ta tashe mu tana cewa a fita, ruwa sun shigo. Lokacin ko idon sawu bai kai ba. Yatsunta ne suka ji shi kafin kowa a tunga ya farka. Muka fita da bargo da tukunya, muka yi kwanaki a kan tudu. Da muka dawo ɗakin ya cika da laka har gwiwa, amma littattafaina suna can cikin ragaya a bushe, ko shafi ɗaya bai jiƙe ba. Da su na yi karatu na ci jarrabawar da ta kawo ni Yelwa.

Ashe kafet ɗin da na shimfiɗa don gwiwarta, shi ke hana yatsunta jin ƙasa. Shekara arba'in da wani abu matar nan tana gadinmu ko a cikin barci, ni kuma na tsaya ina yi mata ihu a kan fenti. Na ja ƙofar na koma falo na zauna a kan kafet ɗina na yi kuka mai isata don kunya da tausayi.

Da na wanke fuska ban tsaya ba. Na hau kabukabu, babur ɗin haya, zuwa bakin ruwa, wurin masu sayar da kayan su. Na sayi zaren koma dunƙule huɗu, shuɗi da kore da fari, na sayi gora doguwa irin wadda ake tura jirgi da ita. Ɗan kabukabun ya dube ni ya dubi gorar, ya ce shi dai bai taɓa ɗaukar malama da gora ba. Haka muka ratsa gari, ni a baya na saɓa gora a kafaɗa, mutane suna kaucewa. Na biya na ɗauko kafinta.

Inna tana alwalar la'asar muka shigo. Na durƙusa a gabanta na ajiye zaren. Na so in ce ta yafe mini. Abin da ya fito shi ne, “Inna, ki koya min ragaya. Na mance ƙullin.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauki dunƙule ɗaya ta ja zaren da haƙori, ta murza shi a yatsa.

Ta ce, “Sun cuce ki, wanga zare na ƙaramin kihi na. Sai an riɓa shi biyu.” Ta juya wajen kafinta, wanda ke auna bango. “Kai kuma ɗaga ta sama kaɗan, ba shanya za mu yi ba.”

A nan na gane an yafe mini.

Ranar kasuwa ta zo muna tsakiyar saƙa. Na kasa kunne ina jiran ta ce a kira mai kabukabu. Har rana ta karkata ba ta ce komai ba, sai ni ce bakina ya kasa haƙuri na ce, “Inna, yau hwa kasuwa.” Ba ta ɗago ba, ta ce, “Na sani. Wa ka barin ragaya rabi? Riƙe nan, hannunki kamar na mai jego.”

Mun yi kwana goma muna aikin ɗakin nan, kuma ban taɓa jin daɗin kwalliya kamar wannan ba. Wayata tana ajiye, Inna ce hoton. Ita ke cewa wannan ƙwarya ta hau sama, waccan ta sauko, kada manya biyu su yi kusa da juna, a sa ƙarama a tsakani. Ashe duk lilon nan da na raina ina yarinya da tsarinsa. Ragaya bakwai muka jera a jikin gora, shuɗi da fari, kore da fari, kowace da tsawonta. Ƙorenta masu zane suka shiga, da langa biyu na aurenta da fentinsu ya fara gogewa. Na kai labule wurin tela ya yanke shi daidai bakin taga, yana yanka ina jin kamar naman jikina ne, amma da aka rataya sai ɗakin ya ƙara haske. Inda bango ya ɓamɓare muka rufe da faifai mai launi, da muka ga ya yi kyau muka ƙara huɗu kewaye da shi. Ni da hannuna na buga ƙusoshin, maigida yana bakin ƙofa yana tambaya ko yanzu kalandarsa za ta iya fitowa daga ɓoye. Fulawar roba ma ta samu ragayarta, ta huta da ɗankwali.

Malaman nan biyu suka dawo, ina jin don su ƙara dariya. Wadda ta tambaya ko tashi za mu yi ta tsaya tsakar ɗaki tana juyi, ta zaro waya ta hau ɗaukar hoto. Ta ce ai irin wannan ake yayi yanzu, ta gani a waya, Turawa ma haka suke rataye shuke-shukensu. Inna ta ce, “Ashe su ma ruwa na shigam musu.” Kafin wata ya ƙare mata suna sallama a gidanmu da zarensu a hannu, Inna tana zaune a tsakiya tana koyarwa tana faɗa, ta fi ni zama malama.

Duk da haka adudun bai sauko ba. Yana nan a ƙusar bakin ƙofa, a ɗaure tamau. In za ta canja zane sai ta sa a sauke, ta ɗauka, ta sake ɗaurewa a mayar. Ban ƙara cewa komai ba, na koyi wannan darasin. Amma duk ranar kasuwa in na shigo gida, ƙusar nan nake fara kallo, gabana yana faɗuwa.

Damina ta sauka. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai Inna ta yafa buhu a ka, ta dogara sanda ta fita ƙofar gida. Takan tsaya ta ga ta inda ruwan ke bi, ta bi shi da ido har ya gangara kwata ya nufi kogi. In an ɗauke ta zagaya bayan ɗakinta ta taɓa gindin bango. Na ce za ta kama mura, ta ce in bar ta tana duba wani abu. Wajen ƙarshen damina 'yan jirgi suka kawo labari cewa ruwa ya sake shiga tunga, har ya kai tagar tsohon ɗakinta. Ta yi wa mutanen addu'a, ta sa na auna gari da manja aka kai musu. Ranar ma ta zagaya ta taɓa gindin bangonmu, a bushe yake.

Bayan nan da kamar mako guda, ranar kasuwa ce, na dawo daga makaranta na kalli ƙusar bakin ƙofa kamar kullum. Babu komai a jikinta. Jakata ta faɗi, na ce shi ke nan, ta bi jirgi ta je ganin ɗakinta. Na banka ƙofar.

Adudun yana ƙasa, a gefen gado, a kan daɓe. Murfinsa a buɗe, igiyar a naɗe a gefe. Tufafinta suna cikin dirowa, an jera su tsaf. Inna tana zaune tana tsince wake a faifai.

Ta ce, “Mi am miki kike huci awa wadda anka koro? Ɗauko kahet ɗin nan naki ki shimhiɗa. Ƙasa na da sanyi, gwiwata ba ta so.”

Na taka kujera na sauko da shi daga kan kabad, duk ya yi ƙura. Ina shimfiɗawa hawaye suna ɗiga a kai, ina dariya, ita kuma tana cewa na karkata shi, in ja ta wancan gefen. Da ta gama wake ta yi hamma ta kishingiɗa. Na tsaya a bakin ƙofa ban tafi ba sai da barci ya ɗauke ta. Ta matsa can tsakiyar gado, ta haɗa hannayenta biyu ta sa a ƙarƙashin kumatu.